Talotalon dajin Amurka na raguwa, an bar jaki ana dukan taiki

A shekarar 2023 hukumar kula da namun daji ta jihar Kansas a Amurka ta dakatar da farautar talotalon daji ta lokacin kaka. A wannan shekarar dai jihar Tenesi ta ɗaga ranar buɗe farautar watan Afrilu da mako biyu, ta kuma rage adadin da maharbi ɗaya zai iya kashewa daga uku zuwa biyu. Jojiya ta riga ta ɗaukar irin wannan mataki a 2022. A Akansas, inda maharba suka kashe kusan 20,000 a 2003, abin da aka samu a 2021 bai wuce 7,000 da 'yan kai ba. Misuri, wadda ake yi wa kallon cibiyar wannan farauta, ta sauko daga sama da 60,000 a 2004 zuwa ƙasa da 35,000 a 2021. Tsuntsun da Amurkawa suka daɗe suna kafa misali da shi, suna cewa ga abin da suka ceto daga bakin ƙarewa, shi ne yanzu yake sulalewa daga hannunsu, kuma sun kasa haɗa baki a kan dalili.

Talotalon da muka sani a gida jikan wannan ne. A ƙasar Mekziko aka fara mayar da shi dabbar kiwo, Sifaniyawa suka kwashe shi zuwa Turai a ƙarni na 16, daga can ya bazu duniya. Na dajin bai yi kama da jikansa a hali ba. Siriri ne, mai dogayen ƙafafu, yana gudu, yana tashi sama, a kan bishiya yake kwana, kuma idonsa ba ya barin motsi ya wuce. Na kiwo ba shi da matsala, ana samar da kimanin miliyan 200 a gonakin Amurka kowace shekara. Maganar na dajin ake yi.

Sai an san yadda ya dawo kafin a fahimci yadda yake tafiya. Turawan da suka mamaye Amurka sun sare dazuzzuka, sun harbe shi ba ƙaidi suna kaiwa kasuwa, har ya ɓace a jihohi da dama. A Masacusets an kashe na ƙarshe a 1851. Zuwa shekarun 1930, ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kimanin 30,000 suka rage a faɗin ƙasar. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta karkatar da harajin bindigogi da harsasai zuwa hukumomin namun daji na jihohi. Da kuɗin ya samu, sai aka fara kiwon talotalo a keji ana saki a daji. Dubbai aka saka, kusan duk suka mutu, domin ɗan tsakon da bai bi uwa a daji ba bai san abin tsoro ba. Sai a 1951 wani jami'i mai suna Herman Holbrook ya gwada ragar da ake cillawa da ƙarfin albarushi a dajin Francis Marion na Karolina ta Kudu, ta rufe garke guda a lokaci ɗaya. Daga nan aka koma kama na daji da ransu ana kai su inda suka ƙare. A 1973, shekarar da aka kafa ƙungiyar kare talotalon daji ta ƙasa, wato NWTF, sun kai kimanin miliyan 1.3. A farkon shekarun 2000 sun kusa miliyan 7, a jihohi 49, Alaska kaɗai ce babu. Yau ana maganar kusan miliyan 6, kuma raguwar ta fi tsanani a kudu maso gabas da tsakiyar ƙasar.

Ra'ayina a kan dalili shi ne ƙasar ce ta canza a ƙarƙashin ƙafar tsuntsun. Sauran abubuwan da ake zargi, wasu gaskiya ne, wasu zato ne, amma mafi yawansu suna samun ƙarfi ne saboda wurin yin gurbi da wurin renon 'yan tsaki ya lalace. Na kuma lura cewa wannan bayanin shi ne wanda mutane suka fi ƙin ji, domin ba shi da haƙori, ba a ɗana masa tarko, kuma gyaransa na cin kuɗi da shekaru.

Masana ba su fara da kirga manya ba. Kowane Yuli da Agusta hukumomin jihohi kan tattara rahoton 'yan tsaki nawa aka gani a bayan kowace uwa. Ana ɗaukar biyu a matsayin abin da zai riƙe garke yadda yake. A jihohin kudu maso gabas da dama, a da ana samun uku har huɗu, yanzu shekaru da yawa a jere ana ƙasa da biyu. Wannan adadi shi ne bakin zaren. Yana nuna cewa ɓarnar tana faruwa ne tsakanin ranar da aka saka ƙwan farko da ranar da ɗan tsako ya iya tashi, wato kimanin wata biyu a shekara.

Uwar talotalo a ƙasa take gurbi, cikin ciyawa ko ƙarƙashin sarƙaƙiya, kamar dai yadda zabuwar daji ke yi da damina. Tana saka ƙwai 10 zuwa 12, kusan ɗaya a rana, sai ta yi mako biyu kafin ta gama. Sannan ta yi kwanci na kwana 28, dare da rana a ƙasa, ba ta tashi sai na ɗan lokaci don ta ci ta sha. Duk abin da ke yawo da hanci a ƙasa yana da kusan mako shida ya gano ta. A binciken da ake yi da na'urar bin sawu da ake ɗaura wa uwaye a baya, sau da yawa gurbi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke kaiwa ga ƙyanƙyashewa, wani wurin ma bai kai haka ba. Waɗanda suka fito kuwa sai sun yi kusan mako biyu ba sa iya tashi, a ƙasa suke kwana ƙarƙashin fiffiken uwa, kuma a cikin waɗannan kwanaki ne mafi yawansu ke mutuwa. Abincinsu a lokacin ƙwari ne kusan zalla: fara, tsutsa, gizo-gizo, buzuzu. Ba sa girma da tsaba. Idan ɗan tsako ya tsallake mako biyun nan ya hau reshe, ya wuce mafi munin haɗarin rayuwarsa.

To me ke cin ƙwan da 'yan tsakin? A nan ne maharba ke ɗaga murya, kuma ba ƙarya suke yi ba. Akwai rakun, wata dabba mai zobe-zobe a wutsiya da hannuwa masu dabara, wadda ta ƙware a fasa gurbi. Akwai ofosum mai kama da ƙaton ɓera, da sikank mai fesa wari, da yanyawa, da macizai, da hankaki. Akwai koyote, ɗan uwan dila, wanda ya bazu zuwa gabashin ƙasar a ƙarni na 20 bayan an kawar da kerkeci, da kyanwar daji mai kama uwar kanta. Akwai aladun da suka koma daji, kimanin miliyan 6. Daga sama kuma ga shaho da babbar mujiya, waɗanda suka farfaɗo bayan an hana maganin ƙwari na DDT a 1972, aka kuma ba su kariyar doka a wannan shekarar. Sannan kasuwar fatu ta rushe a ƙarshen shekarun 1980. A da saurayin ƙauye kan ɗana tarko da hunturu ya sayar da fatar rakun ya sami kuɗin kashewa, yau fatar ba ta biyan kuɗin man mota. Masu tarko suka ragu, rakun ya yawaita. Duk wanda ya sa kyamara a gurbi zai ga wannan da idonsa.

Inda na rabu da su shi ne a kan abin da hoton kyamarar ke nufi. Talotalo ya yi dubban shekaru tare da waɗannan dabbobi, kuma yawan ƙwansa da sake yin gurbi idan na farko ya lalace duk shiri ne na zama da su. Kasuwar fatu ta faɗi kafin 1990, amma talotalo ya ci gaba da ƙaruwa har shekara goma sha biyar bayan haka. Tambayar da ta dace ita ce me ya sa rakun ɗin yau yake gano gurbi cikin sauƙi haka. Idan ciyawar ɓuya ta mamaye eka ɗari, sai ya yi sa'a kafin ya faɗa a kan uwa mai kwanci. Idan abin da ya rage ɗan siririn layi ne tsakanin gonar masara da titi, ko gefen shinge, to yana bin layin ne kawai daga wannan kai zuwa wancan, ya kwashe duk abin da ke ciki a dare ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

An ma gwada maganin da masu zargin dabbobin ke nema. A 2019 jihar Dakota ta Kudu ta fara biyan dala 10 a kan kowace wutsiyar rakun, sikank, ofosum da makamantansu, don a taimaki tsuntsayen da ke gurbi a ƙasa. An kawo wutsiyoyi dubbai kowace shekara, kuma masu suka har yau suna neman hujjar cewa tsuntsayen sun ƙaru saboda haka. Abin da aka sani shi ne tarko mai tsanani a ƙaramin fili, daf da lokacin saka ƙwai, yana iya ɗaga yawan ƙyanƙyasa a wannan filin a wannan shekarar. Da an daina, na maƙwabta su cike gurbin. Mai gona da ke da hali ya yi, ban ga laifinsa ba. Jiha guda kuwa ba za ta iya ɗana tarko a kowane kwari kowace shekara har abada ba.

Yanzu a dubi ƙasar. Abin da uwa mai 'yan tsaki ke nema takamaimai ne: tsiro mai tsawon gwiwa, wanda ya rufe sama don shaho kada ya gani, ya bar sarari a ƙasa don ƙananan ƙafafu su bi, yake cike da ƙwari, kuma uwar tana iya ɗaga kai ta hango abin da ke tafe. Irin wannan wuri shi ne saura, da gonar da aka bari ta huta, da dajin da rana ke ratsawa, da filin da wuta ta ci bara. Mai wucewa a mota zai kira shi wurin da aka yi sakaci da shi. Shi ne kuma abin da ya fi ɓacewa a karkarar Amurka.

A kudu maso gabas, a da akwai dajin wani irin itacen fayin mai dogon ganye da ya kai eka miliyan 90, bishiyoyi warwatse, ƙasa cike da ciyawa da furanni, wuta na ratsa shi duk bayan 'yan shekaru, ko ta tsawa ko ta mutanen asalin ƙasar. Zuwa shekarun 1990 abin da ya rage kimanin eka miliyan 3 ne. A madadinsa aka dasa gonakin fayin na katako da takarda, layi-layi a matse. Shekarun farko bayan dashe wurin yana da amfani ga talotalo, amma da rassa suka haɗe sai inuwa ta kashe komai, ƙasa ta zama shimfiɗar busassun ganyen fayin masu kama da allurai, ba ciyawa ba fara. Dazuzzukan da suka tsiro a tsofaffin gonaki a tsakiyar ƙarni na 20, waɗanda suka karɓi talotalon da aka dawo da shi, su ma sun tsufa sun rufe. Babban talotalo yana jin daɗinsu, yana samun 'ya'yan itatuwa da wurin kwana. Ɗan tsako kuwa yunwa ce a gare shi. Shi ya sa mutum zai nuna daji kore shar ya ce ai ga wuri nan bai canza ba, alhali ga mai tsawon taƙi ɗaya ya canza gaba ɗaya.

Makiyaya ma haka. An shuka wata ciyawar Turai mai suna fesku a kan miliyoyin eka don shanu, da wata mai suna bamuda a can kudu. Suna yin tabarma mai kauri wadda ɗan tsako ba ya iya ratsawa, idan kuma raɓa ta jiƙa ta sai ya jiƙe ya yi sanyi. Ana yanke su da inji don harawa a watan Mayu da Yuni, daidai lokacin kwanci. Ga kuma ɗabi'ar masu filaye ta son ganin wuri a share tas, su bi gefen gona da bakin hanya da injin yankan ciyawa don kawai ya yi kyan gani. A tsakiyar ƙasar, shirin gwamnatin tarayya na CRP, wanda aka kafa a 1985 don a biya manomi ya bar wani fili cikin ciyawa, ya kai eka miliyan 36.8 a 2007. Da farashin masara ya tashi, musamman bayan dokokin da suka tilasta haɗa man etanol, wanda ake yi da masara, a cikin fetur, manoma suka nome filayen. Zuwa 2020 shirin ya sauko kusan eka miliyan 22. Duk wanda ya ɗora wannan a kan shekarun da talotalo ya fara raguwa zai ga sun yi tafiya tare.

Wanda ya saba jin ƙunar daji a matsayin ɓarna zai yi mamakin cewa masana can suna roƙon a ƙara sa wuta. Wutar da suke nufi mai tsari ce: ƙaramin yanki, a zagaye shi da hanyar tare wuta, a duba iska da danshi, a ƙona wannan bana a bar wancan sai baɗi, a maimaita duk shekara biyu ko uku. Amurka ta shafe shekaru tun daga 1944 tana koya wa yaranta, ta bakin wani zanen beyar mai hula, cewa wuta a daji musiba ce, har aka manta cewa wasu dazuzzukan da wuta suka ginu. Wasu maharba na kukan cewa wutar watan Afrilu na cinye gurabe. Tana cin wasu, amma bincike ya nuna kaɗan ne, domin uwaye sun fi son yin gurbi a wurin da bai daɗe da ƙonewa ba, wanda ba shi ne za a sake ƙonawa bana ba.

Babbar hujjata a nan wani tsuntsu ne dabam. Akwai ɗan ƙaramin tsuntsu mai kama da makwarwa da suke kira bobwait, shi ma a ƙasa yake gurbi, 'ya'yansa ma ƙwari suke ci a irin wannan saura. Ya ragu da sama da kashi 80 cikin 100 tun daga shekarun 1960. Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar Science a 2019 ya nuna Amurka da Kanada sun yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun 1970, kuma na filayen ciyawa ne suka fi shan kashi, sun ragu da fiye da rabi. Mafi yawansu ba wanda ke farautarsu. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe, talotalo dai ya fi su girma da juriya ne, shi ya sa nasa ya zo a makare.

Sai maganar maharban kansu, wadda ta fi kowace zafi. A farautar watannin Maris zuwa Mayu mazan talotalo ake harba. Maharbi kan ɓuya ya kwaikwayi kukan mace, namiji ya taho yana buɗa wutsiya, a harbe shi. An daɗe ana cewa wannan ba ya cutar da garke, tunda namiji ɗaya na iya barbarar mata da yawa. Farfesa Michael Chamberlain na Jami'ar Jojiya, wanda ya shafe shekaru yana bin tsuntsun, yana cikin waɗanda suka ƙalubalanci wannan. A ganinsa mazan suna da tsarin shugabanci, matan kuma zaɓe suke yi, kuma idan aka buɗe farauta da wuri aka kashe babban namiji kafin matan su fara saka ƙwai, lissafin kan rikice, gurbi ya yi jinkiri. Kayan aiki ma sun canza: gumakan talotalo na roba masu kama da na gaske, harsashin ƙarfen tangistin mai kisa daga nesa, kyamarar da ke aiko da hoto zuwa waya. Namijin da a da zai tsira saboda wayonsa, yau da wuya. A 2020, da annobar korona ta zaunar da mutane, dazuzzuka suka cika da maharba.

Maganar tana da ma'ana, kuma a kanta jihohi da dama suka jinkirta buɗe farauta. Sai dai da masu bincike na Jami'ar Tenesi suka gwada ta a fili, aka jinkirta da kwana 14 a wasu ƙananan hukumomi aka bar wasu yadda suke, ba su ga bambanci a yawan gurbi ko ƙyanƙyasa ba. Gwaji ɗaya a yanki ɗaya ba ya rufe muhawara, kuma ni ina goyon bayan a rage kisa idan garke na raguwa, musamman kisan mata da kaka, domin uwar da aka harbe a Oktoba ba za ta yi gurbi a Afrilu ba. Abin da nake tsoro shi ne dalilin da ya sa hukumomi ke saurin kama wannan igiya. Ita kaɗai ce a hannunsu. Kwamiti zai zauna da safe ya canza kwanan wata, da yamma a sanar an ɗauki mataki. Ba kwamitin da zai zauna ya umarci mai gona ya daina yanke ciyawa a Yuni.

Akwai wata ɗabi'ar maharba da na fi zargi a kan ranar buɗe farauta, kuma ba a cika son tattauna ta ba. Ita ce zuba masara a daji don jawo barewa. Jojiya ta halatta yin haka a faɗin jihar a 2018, Alabama ta bi a 2019. Tulin masara a wuri ɗaya duk dare liyafa ce ga rakun da aladu, yana ciyar da su lokacin da yunwa ya kamata ta rage su, yana kuma tara su a inda talotalo ke yawo. Masarar da ta kwana a danshi tana yin fumfuna mai gubar aflatoksin, wadda ke lalata hantar tsuntsu. Mutum ɗaya ne zai cika rumbun masara a dajinsa a watan Satumba, sannan a watan Mayu ya zo yana zagin rakun.

Cututtuka ba zan daɗe a kansu ba. An gano wata ƙwayar cuta mai suna LPDV a talotalon dajin Amurka a 2009, aka tsorata, daga baya aka tarar tana jikin tsuntsaye masu yawa da ke cikin ƙoshin lafiya. Cutar West Nile da ta shiga ƙasar a 1999 ta yi wa wasu tsuntsaye illa sosai, amma a gwajin da aka yi wa 'yan tsakin talotalo sun jure ta. Ƙyanda ta tsuntsaye da murar tsuntsaye suna kashe ɗaiɗaiku. Babu ɗaya a cikinsu da aka nuna ta isa ta sauke garken jihohi goma.

Magungunan ƙwari na zamani da ake shafa wa irin masara da waken soya tun shekarun 1990, waɗanda Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018, sun fi cancantar a sa musu ido. An sami burbushinsu a jikin talotalon daji a lardin Ontariyo na Kanada. A ganina haɗarinsu mafi girma ta bayan gida yake zuwa: su rage ƙwarin da ɗan tsako ke rayuwa a kansu, maganin ciyawa kuma ya share tsiron da ƙwarin ke zama. Akwai abin lura a nan. A gabashin Amurka akwai wani ƙwaro mai suna sikada da ke fitowa daga ƙasa da biliyoyi duk shekara 13 ko 17. Hukumomin jihohi sun sha lura cewa a shekarar da ya fito, 'yan tsaki kan yi yawa. Abinci ya wadata gare su, masu cin su ma sun ƙoshi da ƙwaron sun ƙyale su. Rakun ɗin nan ne, shahon nan ne, ba a kashe ko ɗaya ba, amma sakamako ya canza. Ruwan sama mai sanyi a makon ƙyanƙyasa shi ma yana kashe 'yan tsaki, shi ya sa adadin ke hawa da sauka daga shekara zuwa shekara, kuma Misuri da Akansas sun ɗan farfaɗo bayan 2021. Yanayi na bayyana shekara mai kyau da mara kyau. Gangarowar shekara ashirin tana buƙatar wani bayanin.

Akwai kuma abin da ya kamata Amurkawan su yarda da shi ko da ba daɗi. Miliyan 7 ɗin da suke auna komai da ita mai yiwuwa ba matsayin zama ba ce. Dabbar da aka saka a sabon wuri takan yi yawa fiye da kima a farko, kafin masu cin ta su koyi kama ta, kafin wuraren kirki su cika, daga baya ta sauko ta daidaita. Maharbin da ya fara farauta a 1998 yana kwatanta yau da lokacin da ba a taɓa ganin irinsa ba a ƙarni guda. Wani ɓangare na raguwar wannan ne. Amma daidaitawa tana tsayawa a wani wuri, kuma uwa mai ɗan tsako ɗaya da rabi shekara bayan shekara ba alamar tsayawa ba ce.

Abin dariya a ciki, yayin da maharbin Alabama ke kwana a daji bai ji kukan ko ɗaya ba, mazauna unguwannin Boston ƙara suke kaiwa cewa talotalo ya tare musu hanya, yana bin mai raba wasiƙu da gudu, yana saran ƙofar mota don ya ga hotonsa a jiki. Jihar Masacusets da ta rasa shi a 1851 ta karɓo 37 daga New York a 1972 da 1973, yau tana da sama da 30,000. Masu cewa farauta ce matsala za su ce ai a unguwa ba a harbi. Gaskiya ne. Amma a unguwa akwai rakun da koyote su ma, har sun fi na daji yawa a wasu wuraren. Abin da ke akwai kuma shi ne gauraye: 'yan bishiyoyi, sarari, lambu, sarƙaƙiyar bayan gida, abincin da ake zuba wa tsuntsaye, duk a kusa da juna.

Wahalar gyaran a mallakar ƙasa take. Sama da kashi 80 cikin 100 na dazuzzukan kudancin Amurka na mutane ne da kamfanoni. Harajin bindiga na Pittman-Robertson yana shiga hannun hukumomin jihohi, su kuwa ikonsu a kan ɗan abin da gwamnati ta mallaka ne. Abin da ake buƙata sananne ne: a rage cunkoson fayin don rana ta sauka, a sa wuta mai tsari, a kashe fesku a bar ciyawar asali ta fito, a ajiye injin yanka daga Afrilu zuwa Yuli, a bar gefen gona da faɗi. Kowane ɗaya yana nufin mai fili ya kashe kuɗi ko ya haƙura da wata riba, kuma ba zai ga amfanin ba sai maƙwabtansa sun yi, domin garken talotalo yana yawo a dubban eka. Mutumin da ke biyan bashin banki da masara ba zai bar eka ashirin ga fara don a yaba masa ba, sai an biya shi abin da ya kusa kuɗin masarar.

Wannan ya mayar da zancen birnin Washington, wurin dokar noma da majalisa ke sabuntawa duk bayan 'yan shekaru, inda ake yanke yawan filin da gwamnati za ta biya a bar shi cikin ciyawa. Maharban da ke cika zauren taron hukumar jiha suna faɗa a kan ko a buɗe farauta ranar 1 ko ranar 15 ga Afrilu, kaɗan ne cikinsu ke bibiyar wannan doka. A 2014 majalisar ta rage iyakar shirin CRP zuwa eka miliyan 24. A 2018 ta ɗaga ta zuwa miliyan 27, wanda har yanzu ya gaza abin da ke ƙasa a 2007 da kusan eka miliyan goma.